Fawa Bank Mai Yashi

Fawa bank ɗina na cajin waya ya suɓuce daga aljihu a ƙofar masallacinmu na Fagge, ya dare gida biyu. Sai ga yashi yana zuba, da wani ɗan batiri kamar na tocila.

Jiya-jiya na saye shi a wani shago a kasuwar Sabon Gari, tare da wani abokina. Na tattara har yashin a leda, na koma shagon, raina a ɓace.

Na ce, "Alhaji, tsakani da Allah, caji na ce maka zan yi ko gini?"

Mai shagon ya leƙa ledar, ko a jikinsa. Ya ce, "Malam, biyu na miƙo maka. Ka jinjina na farko ka ce ba nauyi, jabu ne. Alhali shi ne mai kyan. Ka jinjina wannan ka ce yawwa, ga kaya."

"Me ya hana ka faɗa min?"

"Na ga kana yi wa abokinka bayani ne, ban so in kunyata ka."

Ya canza min da marar nauyin. Yana caji lafiya lau, amma duk sanda na ɗaga shi sai in ji kamar an cuce ni.

Jama'a, ku yi mana hukunci: Alhaji ne ya yaudare ni, ko hannuna?