Ranar da manhajata ta ce wa Kawu a'a

Ƙungiyar masu jiragen ruwa ta Yelwa ce ta sa ni rubuta mata manhajar waya mai ƙirga fasinja. Idan jirgi ya wuce ƙima, ba ta ba da izinin tashi, shugaban tasha kuwa ba ya sakin igiya sai ya ga izinin.

Kawuna, ƙanin Inna, yana da jirgi, kuma wayo ya yi masa yawa. Shi ya gano cewa in ya rubuta goma da alamar ɗebewa a gabanta, manhajar sai ta rage mutum goma daga lissafi alhali suna zaune a ciki. Da labari ya iso ni, raina ya ɓaci ƙwarai.

Abokin aikina ya ce mu cire maɓallin ɗebewa daga allo kawai. Na ce ina! Kawu zai nemo wata kafa. A irin rubutunmu na manhaja kowane abu yana da gidansa, jirgi da nasa, fasinja da nasa. Sai na kulle adadin mutane a cikin gidan jirgi, na bar ƙofa guda. Duk lambar da ta zo sai an tantance ta: ba ƙasa da ɗaya ba, ba fiye da ƙima ba.

Ranar kasuwa na je bakin ruwa, sai na tarar da Inna cikin jirgin Kawu, za su suna a Ngaski. Jirgin ya cika har ruwa na lasar bakinsa.

Kawu ya danna goma da alamar ɗebewa, waya ta ƙi. Ya sake, ta ƙi.

"Kai! Mi ka yi ma wanga abu?"

"Gyara shi na yi, Kawu."

"Buɗe min shi. Ni na goye ka hwa!"

"Wallahi ko ni ba ya buɗe ma."

Ya yi ta faɗa, shugaban tasha na riƙe da igiya yana murmushi. Dole aka sauke wasu mutane suka jira jirgi na biyu. Daɗi ya kama ni har na kasa ɓoyewa.

Jirgin ya ɗago, Inna na zaune daram a tsakiya. Ta dubi ƙaninta ta ce, "Tun kana yaro nike ce maka a'a ba ka ji. Yau ka ji. Tada inji mu tahi."