Kwanon Baffa Manu

Ranakun aiki da yawa sun shige mini duhu, amma ban taɓa iya mantawa da Talatar da na tsuguna gaban wani tsoho a wata makarantar firamare ta yankin Baure ba, da kwalin fiza a hannuna, yana jin yunwa ya ce mini ya ƙoshi. Tunda ku ma'aikatan shagon nan kun dame ni da tambayar abin da ya sa nake tsare masu oda da tambayoyi kamar ɗan sanda, to ku saurara. Bari in zauna tukuna, bayan nan nawa ya daina jure tsayuwa.

Ga waɗanda ba su daɗe da zuwa ba, ni Ɗanlami shekara goma sha ɗaya na yi a kicin ɗin wani otal a Abuja, can na koyi fiza. Da mahaifiyata ta tsufa na tattaro na dawo Daura, Hajiya Rabi ta ɗauke ni shugaban kicin a wannan shago nata. A ƙarƙashina akwai mai kwaɓi, da mai miya da yanke-yanke, sai mai kanta da ke karɓar oda. Aikin ba wani sirri gare shi ba, gajiya ce kawai. Bayan sallar asuba a kwaɓa fulawa da yis da gishiri da mai, a rufe ya tashi. A murza shi ya yi faɗin faifai, a shafa miyar tumatir, a zuba nama da albasa da tattasai, a barbaɗa cuku, a tura obin, wato murhun gashi. In ya fito a yanka shi gida takwas a sa a kwali ɗaya. Ku riƙe wannan na ƙarshen, domin a nan labarin yake: waɗanda suka ƙirƙiro fiza sun yi ta ne don kowa ya miƙo hannu cikin kwali ɗaya, uba da ɗa da baƙo. Na ga haka a Abuja har ya daina ba ni mamaki.

Daminar da abin ya faru, cikin watan Agusta, aka kwana biyu ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Gidajen ƙasa suka zube a wani ƙauye da ke yankin Baure, ruwa ya kuma shafe rugar Fulani da ke gefensa. Aka kwashe mutane aka kai makarantar firamare. Aji biyu ne kawai rufinsu ba ya yoyo, sai aka sa maza a ɗaya, mata da yara a ɗayan. Masu taimako sun kai shinkafa da masara, Allah ya saka musu, amma ɗanyu ne. Itace ya jiƙe sharkaf, tukwane da kwanuka kuwa suna ƙarƙashin bangon da ya faɗi.

Ranar Lahadi Hajiya ta shigo kicin ta ce, "Malam Ɗanlami, obin ɗinmu da gas yake aiki, ruwa bai dame shi ba. Gobe a rufe kanta, mu yi wa mutanen nan abinci." Hajiya mace ce mai tausayi, wannan ba na musu. Aibinta ɗaya, ko ruwa ta ba ka sai ta ɗauki hoto.

Litinin muka isa wajen ƙarfe goma sha ɗaya, bayan motar ta kafe a taɓo sau biyu. Muka jera bencina a tsakiyar farfajiya, muka buɗe kwalaye, Hajiya ta ɗaga waya. Yara da samari suka ci, mata suka ja wasu kwalayen zuwa ajinsu. Dattawa kuwa suna zaune a baranda, ko motsi ba su yi ba. Kowa ka yi wa tayi sai ya ce, "Alhamdu lillahi, mun ƙoshi, Allah ya saka da alheri."

A cikinsu akwai wani dogon tsoho siriri, ya lulluɓa da mayafi yana rawar sanyi. Shi ne Baffa Manu, babban mutanen rugar. Malamar asibiti da aka turo wurin ta ja ni gefe ta ce zazzaɓin cizon sauro ne ke damunsa, maganin kuma ba a shan sa da cikin wofi, ga shi tun Asabar ban da ruwa babu abin da ya shiga bakinsa. Ta ce in ya kai azahar ɗin Laraba a haka, dole ta sa a ɗauke shi zuwa asibiti a Daura, shi kuwa ya rantse ba zai bar mutanensa ba. Ta ce tana tsoron kada jikin ya kai inda ba a dawowa.

A hanyar komawa Hajiya ta yi ta mita, wai ƙauyanci ne. Ni kuma da iyayina na ce mata a'a, warin cukun ne ba su saba da shi ba, ta bar mini, gobe zan gyara. Har wani daɗi nake ji a raina, ni gwani na gano matsala.

Talata na cire cuku gaba ɗaya. Na daka ƙuli-ƙuli, na yayyafa man gyaɗa da yaji, na yanka albasa da tumatir, ta fito kamar gurasar da kowa ya sani. Da muka isa, ni da kaina na ɗauki kwali mafi zafi na nufi baranda, na tsuguna gaban Baffa Manu na buɗe. Ƙamshi ya tashi. Na ce, "Baffa, yau babu kayan Turawa, bismilla." Don in ƙarfafa masa gwiwa sai na waiwaya na yafito mazan da ke kusa, na ce su matso a ci tare. Akwai wani mutum mai kimanin shekara arba'in zaune can ƙarshen baranda, har hannunsa na kamo na ce, "Kai ma zo ka sa hannu ku ci da Baffa."

Mutumin nan ya fizge hannunsa kamar kunama ta harbe shi, ya miƙe ya fita cikin yayyafi ko takalmi bai tsaya sawa ba. Baffa Manu ya juya fuskarsa ga bango. Ina kusa da shi, na ga maƙogwaronsa ya motsa, ya haɗiye yawu. Sannan a hankali ya ce, "Na ƙoshi, ɗana. Allah ya yi maka albarka."

Ba zan ɓoye muku ba, raina ya ɓaci. Tun asuba nake tsaye gaban wuta, bayana kamar zai tsinke, ga tsoho yana mutuwa da yunwa yana yi mini taurin kai. Na rufe kwalin da ƙarfi, na ce wa Hajiya, yadda kowa zai ji, gobe ni ba da ni ba.

Sai na ji an ce, "Kai mai gurasa, zo nan." Wata tsohuwa ce a bakin ajin mata, Gwaggo Lanti, wadda aka ce kafin ruwan ita ce mai furar ƙauyen. Na je na durƙusa na gaishe ta.

Ta ce, "Ɗan wane gida ne kai a Daura?"

Na faɗa mata.

Ta ce, "Ikon Allah. Ashe ɗan mutane ne, na zaci daga jirgi aka sauke ka. To a gidan naku, ka taɓa ganin ubanka ya sa hannu kwano ɗaya da mijin 'yarsa?"

Ba ta jira amsa ba. Ta ce, "Wancan da ka kora cikin ruwa surukinsa ne, shi ke auren 'yarsa ta fari. Tun da ruwa ya haɗa su ɗaki ɗaya, daga shi har tsohon babu wanda ya tauna ko goro. Ta yaya za su ci, wannan na kallon wancan? Da muna da kwanuka da tuni mun zuba mun rufe mun aika wa kowa nasa. Ku kuma kun zo kun baje abinci a tsakar fili, kun tsaya a kan mutane da waya kamar 'yan kallon dambe. Bafulatani ne fa, ɗan nan. Ya gwammace a ɗauke shi a makara."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Abin da ya fi ci mini rai shi ne babu wani sabon abu a maganarta. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, kwanonsa daban ne, da faifansa a kai, a ɗakinsa yake ci shi kaɗai. Mijin yayata in ya zo gidanmu ko ruwa ba ya sha sai Baba ya fita. Duk na san wannan tun ina yaro. Shekarun da na yi ina yanka abu gida takwas ne suka sa na manta.

A mota na gaya wa Hajiya abin da za a yi, na ce kuma ba hoto. Nan fa aka yi ta. Ta ce, "Malam Ɗanlami, in ba a gani ba wa zai san ana yi? Da hoton nan ne wasu ke jin kunya su ma su kawo nasu." Gaskiya ce ta faɗa, na sani. Na ce, "Hajiya, ki ɗauki kwalaye a shago, ki ɗauke ni ma in kina so. Amma tsohon nan ba zai buɗe baki ba muddin akwai ido a kansa." Ta ɗaure fuska har muka shigo Daura, na ɗauka ma aikina ya ƙare.

Laraba da sassafe ina cikin kwaɓi sai ga ta da buhu biyu suna ƙara. Kwanukan samira ne masu murfi, na kayan ɗakinta, waɗanda tun aurenta suke jere a kabad ba a taɓa cin abinci a ciki ba. Ta dire su ta ce, "Saura ka bari a fasa mini."

Ranar muka sauya aikin gaba ɗaya. Maimakon babban faifai, muka riƙa murza ƙanana kamar tafin hannu, ba yanka, uku-uku a kwano, a rufe. Aikin ya ninka, domin ƙaramin abu saurin ƙonewa gare shi, dole ka tsaya a bakin obin ba ƙyaftawa. Da muka isa ban shiga farfajiya ba. Na nemi hedimasta na roƙe shi ya buɗe ɗan ofishinsa a shigar da Baffa Manu, aka kuma kafa zana a baranda don sauran dattawan. Kwanukan duka Gwaggo Lanti muka damƙa wa ta bayan aji, ita ta san na wa zai je hannun wa. Mu kuma muka koma mota, can wajen shinge ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya, muka zauna.

Ban taɓa jira mai tsawon wannan ba. Motar da malamar asibiti ta kira tana tsaye a bakin ƙofa, direban yana duba agogo. Hajiya ta ajiye waya a cinya tana jan carbi. Ni kuwa tunanina ɗaya, wataƙila abin da na yi jiya ya riga ya ɓata komai, tsohon ya ƙi ci don fushi, ko kuma jikin ya wuce cin abinci.

Ana gab da kiran azahar sai ga Gwaggo Lanti tafe da kwanuka a kai. Ta sauke, ta zaro ɗaya daga ciki ta miƙo mini. An wanke shi tas. Na buɗe, sai ga ƙwan zabi guda biyu.

Ta ce, "Ya ci biyu da rabi, ya sha maganinsa, yanzu haka barci yake. Ya ce a gaya wa mai gurasa yajin ya yi yawa. Ƙwan nan 'yarsa ce ta tsinto masa a daji, babu wutar dafawa. Ya ce shi ba ya mayar da kwanon mutane wayam."

Na ce, "Surukin fa?"

Ta ce, "Shi a bayan aji ya cinye nasa a tsaye, kamar ɓarawo."

Na yi dariya, sai na ji hawaye na bin fuskata, ni da gemuna. Hajiya ta juya tana kallon gona. Jim kaɗan motar asibiti ta tashi babu kowa a ciki.

Kwana tara muka yi muna kai kwanukan nan har itace ya bushe mata suka hura wuta. Ko hoto ɗaya ba mu da shi. An yi ta ambaton sunayen masu taimako a rediyo, namu bai fito ba, kuma har gobe in Hajiya ta tuna sai ta yi mini gori. Ni abin da na samu shi ne ciwon bayan da nake fama da shi yanzu. Ƙwan kuwa ɗaya na ba Hajiya, ɗaya na dafa wa mahaifiyata. Da na ba ta labarin ta dube ni ta ce, "Wato sai da ka je Baure aka tuna maka gidanku?"

To shi ya sa in an kawo odar suna ko walima ko sadaka nake tambaya: su wa za su ci, akwai dattawa, akwai surukai, a ina za a zauna? Kuna dariya kuna cewa Malam ya tsufa da surutu. Kwaɓi da gashi kowa zai iya koya cikin wata uku, ni ma na iya su ranar Litinin ɗin nan, babu wanda ya fi ni. Amma da abinci mai zafi a hannuna na ƙara wa tsoho marar lafiya kwana biyu na yunwa, don ban tsaya na tambayi wane ne zaune kusa da shi ba.