Kai Ai Na Gida Ne

Wata rana wani bawan Allah a Wudil, ana ce masa Malam Hashimu, ya yaye tamfol daga kan motar marigayi mahaifinsa.

Fijo ce 404, fara, irin mai giya a jikin sitiyari. Ta girmi 'ya'yansa kaf. Abokansa kan yi masa tsiya, su ce ya taimaka ya kai ta Gidan Makama a ajiye ta tare da sauran kayan tarihi.

Shi ko a jikinsa. Duk Juma'a sai ya tashe ta, ya bar ta ta yi ɗumi, ya goge ta, ya mayar da tamfol.

Amma wannan karon ba gugar ce ta kawo shi ba.

Saƙo ne ya zo daga wani ƙauye gaba da Birnin Kudu. Iya Tabawa, yayar mahaifiyarsa, tana kwance, jiki ya yi nauyi, kuma ba ta da magana sai ta ƙanwarta.

Su biyu suka rage a ɗakinsu. Rabon da su sa juna a ido kuwa an daɗe, tun da ciwon gwiwa ya zaunar da mahaifiyar tasa, Inna Kande, wuri ɗaya.

Inna ta ce za ta je.

Ya ce zai ɗauko shatar mota.

Ta ce ita fa ba ta shiga waɗannan ƙananan motocin na yanzu, da mutum zai zauna gwiwa a haɓa, ga sanyi kamar an sa shi a firij. Amai suke sa ta. A motar marigayi Malam za ta, wadda jikinta ya saba da ita.

Wanda ya zauna da tsofaffi ya san an gama magana ke nan.

Matsalar ɗaya ce. Motar tana warin fetur.

Tiyon da ke ɗauko mai daga tanki zuwa inji tun na zamanin marigayi ne. Ya bushe, ya ƙandare, in ka ɗan lanƙwasa shi sai ka ga ya tsattsage kamar faso a diddige.

Zagayen unguwa za ta iya da shi. Doguwar hanya da tsohuwa a baya kuwa, bai yarda ba.

Da kansa ya shiga Kano, ya bi Ƙofar Ruwa rumfa-rumfa, har ya samo tiyon fetur na gaske, mai kauri, mai ratsin ɗorawa a tsawonsa. Ya haɗo da sababbin kilif na ɗaurewa.

Ya kai wa Ilu.

Ilu makaniki ne, amma a wurin Malam Hashimu ya wuce makaniki. Tun suna ƙanana mahaifiyar Ilu ta rasu, Inna ta jawo shi, ta haɗa musu kwano ɗaya. Marigayi ne ya kama hannunsa ya kai shi koyon aiki. Har yau da furfura ta cika musu gemu, in Inna ta sa an yi dambu sai ta tambaya ko an kai wa Ilu nasa.

Tun da Ilu ya buɗe gareji, hannun wani bai sake taɓa motar nan ba.

Malam Hashimu ya miƙa masa kayan, ya ce duka yake so a canza, daga tanki har kafireta, kada a bar ko taƙi ɗaya na tsohon. Ya gaya masa Inna zai ɗauka.

Ilu ya dafa ƙirji, ya ce an gama.

To, kun dai san goben makaniki. Tana da tsawo.

Yau a ce gobe, gobe a ce jibi. Ga waya tana ta shigowa daga ƙauye. Inna kuwa ta ɗaure kayanta tun ranar farko, kullum tana zaune da mayafi a kafaɗa, ko wace mota ta ji a waje sai ta ce a leƙa.

Ran nan sai ga Ilu da kansa ya kawo motar, an wanke ta fes.

Ya buɗe bonet. Ga sabon tiyo nan ya shiga kafireta, ratsin ɗorawa yana sheƙi.

Ya zagaya ya buɗe but. Ga tsofaffin tiyo a nannaɗe, kamar yadda makanikan kirki ke yi, su dawo wa mai mota da abin da suka cire don ya ga shaida.

Malam Hashimu har kunya ya ji. Ya mayar da but ɗin ya rufe, ya ce haba, tsakaninsu ai babu nuna shaida.

Bai durƙusa ya leƙa ƙasan motar ba. Wa ke bin bayan aikin ɗan'uwansa?

Washegari da hantsi suka kama hanya.

Inna tana baya, an sauke gilashi, iska tana kaɗa mata mayafi. Rabon da ya ji ta da surutu haka ya manta. Ta ba shi labarin yadda ita da Tabawa suke satar gyaɗar kakarsu, a kama Tabawa a doke ta, ita kuwa ta tsira don ta fi iya kuka.

Sun ɗan wuce Kachako ta katse labarin.

Ta ce, "Auta, ba ka jin wari?"

Kafin ya amsa, hayaƙi ya taso daga gefen bonet. Sai harshen wuta.

Bai san yadda ya gangara gefen titi ba. Ya dai san ya zagaya da gudu, ya sunkuci Inna kamar jaririya, ya kai ta gindin wata bishiya. Ya dawo ya kama bonet da hannu, fatar tafinsa ta saluɓe.

Mutane suka fito daga gonaki suna ta watsa ƙasa. Allah ya taimaka wutar ba ta kai tanki ba, amma gaban motar ya tafi. Inji ya yi baƙi ƙirin, gilashi ya tarwatse, kujerun gaba sun narke.

Inna ta shaƙi hayaƙi, tari ya sarƙe ta, numfashi yana fita da ƙyar. Aka kai ta wani ƙaramin asibiti da ke kusa, aka kwantar da ita.

Wajen la'asar ta dawo hayyacinta. Maganarta ta farko, ta ce a nemo ko wace irin mota ce, ko mai sanyin ce za ta shiga.

Yana bakin titi yana neman motar, wayarsa ta yi ƙara.

Iya Tabawa ta cika bayan azahar.

Wanda ya kira ya ce har ƙarshe tana ta juya kai wajen ƙofa, tana tambaya ko Kande ta iso.

Sun isa ƙauyen, amma sun tarar har an dawo daga maƙabarta.

Malam Hashimu bai zargi kowa ba. Ya ce ƙaddara ce, tsohuwar mota ce, ko ina wuta za ta iya tashi. Kai, har tausayin Ilu ya riƙa ji, yana tunanin yadda labarin zai dake shi.

Bayan sadakar uku ya mayar da Inna gida, ya koma Kachako da motar da za ta jawo abin da ya rage.

Ana neman inda za a ɗaura igiya, ya durƙusa ya leƙa ƙasa ta baya, inda wuta ba ta kai ba.

Ya daɗe a durƙushe.

Tiyon da ya fito daga tanki tsohon ne. Na zamanin marigayi, da tsagarsa da komai. An dai naɗe inda ya fi lalacewa da robar tayar keke, an shafe shi da baƙin mai don ya saje.

Babu ratsin ɗorawa ko na rantsuwa.

Ya miƙe ya buɗe but. Ga tsofaffin tiyon da aka nuna masa suna nan a nannaɗe.

To in nasa tsohon yana jikin mota, waɗannan na wace mota ne?

Bai biya gida ba. Garejin Ilu ya wuce, hannu a naɗe da bandeji.

A ƙarƙashin darbejiya, a kan ramin da ake shiga duba ƙasan mota, ga wata 404 shuɗiya tana ƙyalli. Ya san labarinta. Ta wani Alhaji ce daga Abuja mai sha'awar tara tsofaffin motoci, Ilu ya daɗe yana alfahari da cewa shi aka zaɓa ya gyara ta.

Malam Hashimu ya sauka cikin ramin, ya ɗaga kai.

Daga tanki har inji, ratsin ɗorawa ne ya miƙe.

Ya fito. Ilu yana tsaye yana ta goge hannu da tsumma, hannun da ba abin da ya taɓa.

"Ilu, tiyon wane ne wannan?"

"Wallahi, Hashimu, niyyata in sayo maka wani. Mai motar ne ya ce yana hanya zai zo dubawa, ni kuma ban da irinsa a ƙasa. Ka san baƙo, in ya ga abu ba daidai ba, ya tafi ke nan. Naka sai na ɗan yi maneji kafin in shiga Kano."

"Na ce maka Inna zan ɗauka."

"Na sani. Gani na yi kai ai na gida ne."

Na gida.

Tun yana yaro yake jin kalmar nan, kuma kullum daɗi take yi masa. Ita ake faɗa in an ce ka shigo har tsakar gida ba sai an yi maka iso ba. Ita ake faɗa in an hana ka wanke hannu a waje.

Ranar ya gane tana da wata fuskar. Na gida shi ne wanda zai jira. Wanda za a ɗauki nasa a ba wani. Wanda ko ya gano, kunya ba za ta bar shi ya yi magana ba.

Ba motar ce ta fi ƙona masa rai ba, ko da yake yana son ta.

Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne, ba kuskure ba ne. Ilu zama ya yi ya yi tunani. Ya yanko guntun sabon ya sa inda ido zai gani. Ya kwaso tsofaffin motar Alhaji ya shirya su a but. Ya wanke mota, ya tuƙo ta har ƙofar gida, ya shiga ya gaida Inna, ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Malam Hashimu bai yi zagi ba, bai ɗaga murya ba. Ya juya ya tafi, Ilu yana kiransa bai waiwaya ba.

A hanya ya ƙudurta sai Inna ta ji komai.

Da ya shiga ya gan ta a kan tabarma, ta rame, carbi a hannu, sai ya fasa. Ta rasa 'yar'uwarta a makon nan. In ya faɗa mata, ta rasa ɗa kuma.

Ya gaishe ta, ya fita.

Kashegari sai ga sallamar Ilu, ya zo ta'aziyya. Ya tsuguna a bakin ƙofar Inna, kai a sunkuye, ya kasa haɗa ido da kowa.

Inna ta ga yadda ya yi zuru-zuru, ta ɗauka baƙin cikin motar ne.

Ta ce, "Ilu, kada ka sa wa ranka damuwa. Ka yi iya yinka, sauran na Allah ne. Ba a rubuta zan gan ta ba. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka yadda ka yi mana."

Ta juyo wajen ɗanta da ke tsaye jikin bango.

"Auta, ka ce amin mana."

Ya dubi Ilu. Ilu ya ƙara sunkuyar da kai.

Ya ce amin.

Har yau Inna ba ta sani ba.

Darasi:

Yawancinmu ba baƙi muke cuta ba. Baƙo muna tsoron bakinsa, shi ya sa muke ba shi mai kyau. Wanda ya yarda da mu har ya daina dubawa, shi muke yi wa maneji.

Tela, makaniki, magini, ma'aikacin ofis, da ni mai rubutun nan, kowa ya duba aikin wa ya tura ƙarshen layi don ya san ba zai yi faɗa ba. Ba ka san wa zai ɗauka a motar ba, kuma ba ka san wa ke jiransa a can ba.

In an ce maka na gida, a ba ka mafi kyau. In kai ka ce wa wani na gida, ka fara da nasa.

Ka tura wannan ga duk mai sana'ar da ka sani. Wataƙila aikin wani ɗan'uwansa yana hannunsa yanzu haka, yana shirin cewa gobe.