Sunan da Injiniya Bala Ya Tafi da Gidansa

Ranar Alhamis, ƙarfe goma da kwata na safe, ina ofishinmu a Gwallameji, na umurci kwamfuta ta haɗa manhajar da muke rubuta wa wani ƙaramin asibiti a Tirwun. Ta ƙi. Jan rubutu ya fito cewa an kira wani suna, amma ba a ga ƙunshin umarnin da sunan yake ciki ba. Ina laluben lambar Injiniya Bala, shugabana a aikin, sai kiran ƙaninsa ya shigo: "Malam Auwal, sai haƙuri. Yaya ya cika." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Shi ya koya mini cewa a manhaja kowane suna da gidansa. Idan na rubuta suna shi kaɗai, sai ya jawo kujera ya ce, "Auwal, Aisha wacce? Ta gidan wa? A layinmu kawai Aisha huɗu ce." Ambaton gidan ma bai wadatar ba, sai an nuna wa kwamfuta inda aka ajiye ƙunshin. "Ka yi ta kira har Magariba," in ji shi, "wanda ba ka nuna ƙofarsa ba ba zai amsa ba." Bai taɓa gyara mini kuskure a gaban mutane ba, yakan jira kowa ya fita salla.

Ƙunshin da ya ɓace shi ne mai bambance marasa lafiya masu suna ɗaya, don kada a ba wannan maganin waccan. Shi kaɗai ya rubuta shi, bai bar wa kowa kwafi ba. Maiɗakinsa, tana takaba a Fadaman Mada, ta miƙo mini kwamfutarsa ta bayan labule ta ce, "Ga ta, amma kalmar buɗewa ban san ta ba." Sau uku ina sake rubuta sashen, sau uku yana haɗa Aisha biyu a kati ɗaya. Malamar jinyar asibitin tana kirana kullum tana tambayar manhajar.

Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa, Ya raya yaransa uku, Ya ba mahaifiyarsu juriya. Ni kuma Ya buɗa mini.

Auwal Ɗanjuma

Gyara: na rubuta cewa bai bar wa kowa kwafi ba. Ranar Talata, kwana biyu kafin rasuwarsa, ya ce in zo in ɗauka. Ni na ce sai Alhamis.