Malama Rahmatu da Garin Furen Ƙudan Zuma

Kullum da safe Malama Rahmatu kan hau keke napep daga Unguwar Sarki zuwa ɗakin gwaje-gwajen da take aiki, jakarta cike da 'yan kwalabe. Maƙwabta sun daɗe suna zaton turare take sayarwa. Garin fure ne a ciki, wanda ƙudan zuma ke kwasowa a ƙafafunsu. Aikinta auna sinadaran gina jiki da ke cikinsa, waɗanda ake kira amino asid. A wannan watan ta yi ritaya, ko shayi ba a haɗa mata ba, abin kuma ya ci mini rai.

In kuna son sanin amfanin aikinta, ku tambayi Malam Alhassan na Rigasa, mai kiwon zuma. Amyoyin da ya gada a wajen mahaifinsa sun yi ta zama fayau, ƙudan suna tashi bayan kowane ɗiba, har ya yi niyyar barin sana'ar. Yadda ya taso ya ga ana yi, in an zo ɗiba sai a yanke saƙa duka, a matse mai zuma, a watsar da mai cike da garin nan rawaya.

Malama Rahmatu ta je neman samfur, ta tarar da garin jibge a bolarsa.

"Malam, me ya sa kake zubar da wannan?"

"Ai datti ne, Hajiya. Ɓata zuma yake yi."

Ba ta yi musu ba. Ta ɗiba, ta auna, ta dawo da ƙafarta.

"Abincin 'ya'yansu ne," in ji ta. "Zuma ƙarfi kawai take ba su, wannan shi ke gina jikinsu. Ka bar musu shi bana, mu gani."

Ya bari, yana gunaguni. Shekara ta zagayo ƙudan ba su tashi ba. Yau amyoyinsa sun yi nauyi har sai da ya ƙara wa rassa tokara, abokan sana'arsa ma sun bi sahu.

Ke ce, Malama, kika ƙi barin ilimi ya kwanta a ofis. Uwar masu amya, mun gode, Allah ya saka da alheri. Masu sani kuma su yi koyi, su taka har inda ake buƙatarsu. Ran nan na ji Malam Alhassan yana koya wa wani ɗiba, yana cewa, "Wannan saƙar ba taka ba ce, ta yara ce. Mayar musu."