Gadon Madaci a Ɗakinmu

Sana'ata sayen kayan ɗaki na hannu. Wanda zai bar Kano ya kira ni, in duba gado da kujeru, in taya, in kwashe zuwa shagona a bayan Kasuwar Sabon Gari. Da wannan na tsaya da ƙafata. Amma a gidana katifa ce a ƙasa, sai kujerun roba.

Ba rowa ba ce. Ina saurayi na sayar da shanun noman mahaifina ba da saninsa ba, ya ce in bar masa gida. Ya rasu ba mu shirya ba. Na ɗauki zamana a Kano horo ne daga Allah, ban ga dalilin da zan miƙe ƙafa a wurin horo ba. Kullum cewa nake baɗi za mu koma.

Matata ce ta sha wahalar. Ciwon baya ya kama ta, har sai ta dafa bango take tashi.

"Baban yara, kana sayar wa gari gado, matarka tana rarrafe," in ji ta.

"Idan mun koma gida."

"Wane gida? 'Ya'yanka ko gaisuwar ƙauyenku ba su iya ba."

Wata Lahadi a coci, tsohon mai wa'azinmu ya yi magana kan mutanen da Allah ya bari aka kwashe su zuwa Babila saboda zunubinsu, da wasiƙar da wani annabi ya aika musu cewa su zauna da kyau. Da aka tashi na tare shi a bakin ƙofa, na gaya masa labarina, har da katifar.

"Baba, ai horo ne," na ce.

"Horo ne mana, wa ya musa? Amma wa ya kai su? Sarkin Babila ya ɗauka shi ne, alhali Allah ne. Kai kana tsammani direban da ya sauke ka a tashar Bata ne ya kawo ka? Wanda ya yanke hukuncin, shi ya ce su gina gida, su yi shuka, su yi wa garin addu'a. Kai ka ƙaro abin da bai ɗora maka ba, ka kuma ɗora shi a bayan matarka."

Ciniki na iya, na san lokacin da aka fi ni magana.

Akwai wani gadon madaci da na saya wurin wani Alhaji Bayerabe a Fagge, nauyinsa ya hana a saye shi a shagona. Washegari na sa aka kai shi gida. Ya ƙi shiga ƙofa, sai da kafinta ya kwance shi, ya haɗa a cikin ɗaki.

"Ranar da za ku tashi, sai kun sake kirana," in ji kafintan.

"Sa masa gam," na ce.

Matata ta zauna a bakin gadon, ta miƙe ba ta dafa komai ba, ta sake zama.