Mijinyawa Mai Wankin Jirgi

Mijinyawa mutumin Gumel ne. Rakiyar shanu ta kawo shi Fatakwal, shanun suka ƙare a mayanka, shi kuma ya zauna. Ya yi dako, ya yi gadi, daga baya ya kama wankin mota a bakin titi. A nan wani ɗan kwangila, Cif Wokoma, ya ga yadda yake bin lungunan mota da tsumma, ya ce gobe ya same shi a filin jirgi.

Jirgin ƙarami ne, mai farfela biyu da kujera takwas. Cif ya saye shi na hannu, da araha. Shekara goma sha tara Mijinyawa yana wanke shi. Iskar Fatakwal da damshi da gishiri take tafe, ƙarfe ba ya jimawa bai yi tsatsa ba, don haka kullum yana ƙarƙashin fiffike yana goge-goge. Idan an sauka, shi ke toshe bakin injin kada tsuntsaye su yi sheƙa. Da albashin nan ya riƙe matarsa Mero, ya kama ɗaki biyu a unguwar Hausawa, ya aurar da 'ya'ya mata uku.

Bai yi boko ba, amma zama da makanikai ya sa ya san abin da jirgin ke ci. Yakan gaya wa Mero cewa sayen jirgi shi ne mai sauƙi. Ga mai, ga inshora, ga albashin matuƙa biyu, ga kuɗin rumfar ajiya, ko ya tashi ko bai tashi ba. Injin kuwa idan ya cika awanninsa, dole a kwance shi a kai waje, a biya da dala.

Da Cif ya rasu, babban ɗansa ya zo rumfar da wani akawu. A gaban Mijinyawa suka baje takardu a kan teburin makanikai. Gyaran injinan biyu ya kusa kuɗin jirgin kansa. Sabon jirgi mai farfela ɗaya ba ya shan mai sosai, amma farashinsa ya fi ƙarfinsu. Ɗaukar hayar jirgi kuwa, sau goman da suke tafiya a shekara, ba ta kai rabin abin da suke kashewa ba.

"Oga, lafiyarsa ƙalau fa," in ji Mijinyawa. "Ko ɗigon tsatsa babu."

"Na sani, Baba," ɗan ya ce. "Ba jikinsa ne matsalar ba."

Aka sallami matuƙan, aka tura jirgin bayan rumfa cikin ciyawa ana jiran mai saye. Ba wanda ya zo. An sallami Mijinyawa shi ma, da ɗan abin hannu, amma masu gadin ƙofa sun san shi, sai ya riƙa zuwa duk Asabar da bokitinsa. Mero ta yi magana har ta gaji. Damina biyu aka yi haka. Tayoyin suka sace, aka cire injinan aka sayar.

Gangar jikin, wani dillalin tsofaffin ƙarafa daga Onitsha ya saya, Alhaji Munzali. Ya iso da tirela da masu yankan ƙarfe da wuta, ya tarar da Mijinyawa tsaye.

"Malam, an ce kai ka san shi. Ta ina za mu fara?"

Mijinyawa ya ga sun nufi fiffike da wutar. Ya daka musu tsawa.

"Kada ku kusanci nan! Tankin mai a cikin fiffike yake. Ko ya bushe, tururin na nan."

Shi ya buɗe murafen, ya sa aka yi ta ɗura ruwa har ya malalo. Sannan ya ɗauki alli ya zana musu inda za su yanka, gaɓa gaɓa. Layin bai karkace ba. Da aka fara yankan, ya koma gefe ya juya baya. Kafin la'asar an loda komai.

Munzali ya ce idan yana son aiki, akwai wankin manyan motoci a tashar Upper Iweka da ke Onitsha. Ya je, ya yi wata bakwai, gwiwa ta hana shi hawa bayan tirela. Yanzu yana gida a Fatakwal, yana zama ƙofar ɗaki yana taya Mero ƙulla gyaɗa a leda. Maƙwabta sun daina tambayarsa labarin jirgin, don idan an tambaya sai ya tashi ya shige ciki.